Daga Lambun Kamfani Zuwa Mallakar Ƙasa: Zaman 'Yan Holan a Cape da Abin da Ya Bari

Tambaya: Na ji an ce 'yan Holan da suka fara sauka a kudancin Afirka ba da niyyar mallakar ƙasa suka je ba, lambu kawai aka aike su su yi. In haka ne, ta yaya ƙasar ta koma hannunsu? Kuma tunda Ingila ta ƙwace wurin fiye da shekara 200 da suka wuce, me ya rage nasu a yau?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, kuma daga nan ya kamata a ɗauko zaren. Wani kamfanin kasuwanci na Holan ne, wanda aka fi sani da haruffan VOC, ya tura mutane Cape, wato ƙuryar kudu maso yammacin Afirka ta Kudu ta yau. An kafa shi a 1602, gwamnatin Holan ta ba shi cinikin gabashin duniya shi kaɗai, ta haɗa masa da ikon gina ganuwa, ɗaukar soja, yin yaƙi da ƙulla yarjejeniya. Daraktoci 17 ke juya shi daga gida, babbar cibiyarsa ta gabas kuma tana Batavia, wato Jakarta ta yau. Ribarsa tana cikin masoro, kanumfari, kirfa, gyaɗar ƙamshi da yadin Indiya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a Cape, don haka a idon daraktocin wurin kashe kuɗi ne kawai.

Abin da ya tilasta musu shi ne mutuwar ma'aikata a teku. Jirgi yakan tashi daga Holan da mutum 200 zuwa 300, ya yi wajen wata takwas kafin ya isa Batavia, Cape kuma tana kan wannan hanya. Guzurinsu naman gishiri ne, busasshen burodi, wake da ruwan ganga. Idan jiki ya yi wata biyu ko uku bai sami ɗanyen ganye ko 'ya'yan itace ba, sai cutar rashin bitamin C ta kama shi: dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon miki ya sake buɗewa, mutum ya kasa tsayuwa. A lokacin ba a san bitamin ba, amma an lura cewa wanda aka sauke a tudu aka ba shi ganye da sabon nama yakan miƙe cikin 'yan makonni. A 1647 wani jirgin kamfanin mai suna Nieuwe Haerlem ya tarwatse a gaɓar Cape, mutanensa wajen 60 suka yi kusan shekara a wurin suna jiran ɗauki. Sun shuka ganye ya fito, sun sayi dabbobi a hannun mutanen ƙasar. Rahoton da aka rubuta bayan komawarsu shi ya sa aka aiko Jan van Riebeeck da jirage uku da mutum wajen 90. Sun iso ranar 6 ga Afrilu, 1652. Umarnin da aka ba shi gajere ne: ya gina ƙaramar ganuwa, ya yi lambu, ya tanadi ruwa da wurin jinya, ya sayi shanu ta hanyar musaya, ya zauna lafiya da masu ƙasa. An kuma hana shi bautar da su.

Tun daga nama lissafin ya fara kwancewa. Mutanen da suka tarar, Khoikhoi, makiyaya ne masu shanu da tumaki masu kitsen wutsiya, kuma sun daɗe suna ciniki da jiragen Turawa masu wucewa. Kamfani ya zo da jan ƙarfe, taba, tsakiya da barasa, yana ganin muddin akwai kayan musaya nama ba zai yanke ba. Sai dai a wurin makiyayi saniya ita ce nonon gida, ita ce sadaki, ita ce martabar mutum a cikin dangi. Yakan rabu da tsohuwa ko gurguwa ko bijimin da ya yi yawa a garke, amma ba ya taɓa shanun haihuwa. Jan ƙarfe kuwa ba ya ƙarewa da amfani. Da zarar kowa ya sami abin hannu da na wuya, buƙata ta tsaya. Ga kuma matsalar lokaci. A can ruwan sama da sanyi yake zuwa, daga wajen Mayu zuwa Agusta, kuma ƙasar gaɓar ba ta iya riƙe garke shekara guda cur, don haka manyan garkuna sukan zo ne su yi 'yan watanni su wuce. Jirage talatin ko fiye da ke tsayawa a shekara ba sa jiran zuwan makiyayi.

Hatsi ma bai yi ba. Lambun ganye ya kama, har yau wurin yana nan a tsakiyar Cape Town, amma alkamar da aka shuka kusa da ganuwa iskar kudu maso gabas ce ta riƙa kwantar da ita tana kakkaɓe ƙwayar kafin girbi. Shekarun farko da shinkafar da ake kawowa daga Batavia aka rayu, da kifi da naman tsuntsayen teku na tsibirin Robben. Ganuwar ƙasa da katako da suka gina ruwan sama ya riƙa zubar da ita, sai tsakanin 1666 da 1679 aka gina ta dutse mai kusurwa biyar wadda take tsaye har yanzu. Sojan da ke karɓar albashi ko gona ta yi ko ba ta yi ba, ba ya noma da zuciya ɗaya.

Maganin da aka samo shi ne matakin da ya juya komai. A watan Fabrairu na 1657 aka sallami ma'aikata tara daga aikin kamfani, aka yanka musu gonaki a bakin kogin Liesbeek, bayan dutse inda iska ba ta da ƙarfi. Kowa ya sami abin da ya kai hekta 11 da ɗoriya, ba haraji har shekara 12, an ba shi iri da shanun huɗa da kayan aiki bashi. Sharaɗin shi ne ya zauna shekara 20, ya sayar wa kamfani amfanin gonarsa a farashin da kamfani ya yanka. Ba a daɗe ba aka hana su sayen shanu kai tsaye daga Khoikhoi, don kada su tayar da farashi.

Abubuwa biyu suka biyo baya nan take. Na farko, mutum ɗaya ba ya share daji ya nome hekta 11. Khoikhoi masu garke ba su da dalilin yin ƙwadago, kawo ma'aikata daga Turai kuma tsada ne. Sai aka juya ga bayi. A watan Maris na 1658 jirgin Amersfoort ya sauke mutum 174 'yan Angola, yawancinsu yara, waɗanda aka ƙwace daga wani jirgin bayi na Fotugal. A watan Mayu jirgin Hasselt ya kawo 228 daga Popo, a gaɓar Afirka ta Yamma, yankin da yake Jamhuriyar Benin a yau. Daga baya hanyar ta koma gabas, domin gaɓar yamma tana hannun wani kamfanin Holan ɗin dabam. Daga lokacin zuwa 1808 an shigo da mutum wajen 63,000, kusan kashi huɗu daidai: Indiya da Sri Lanka, tsibiran Indonesiya, Madagaska, da gaɓar Afirka musamman Mozambik. Tun daga wajen 1710 bayi suka fi Turawa masu zaman kansu yawa, haka kuma aka ci gaba kusan har ƙarshen mulkin kamfani.

Na biyu, gonakin nan a kan makiyaya da mashayar Khoikhoi aka yanka su, sun kuma datse burtalin da garkuna ke bi. A 1659 yaƙi ya ɓarke. Wanda ya jagorance shi, Doman, tsohon tafintan kamfani ne da aka taɓa kaiwa Batavia, ya ga yadda kamfanin ke yi da mutanen can. Ya san bindigogin lokacin da igiya mai ci da wuta ake tayar da su, don haka ya riƙa kai hari ranar da ake ruwa, yana kore shanun huɗa. A zaman sulhu na 1660, kamar yadda littafin ajiyar Van Riebeeck kansa ya nuna, shugabannin Khoikhoi sun tambaye shi ko za a bar su su yi irin wannan in sun je Holan, kuma in ciyawa ba ta isa kowa ba, wa ya kamata ya matsa, mai ƙasa ko baƙo? Ya amsa musu cewa sun rasa ƙasar a yaƙi, kuma ba za a mayar ba. A shekarar aka dasa shingen itatuwa da turaku don raba iyaka, wani ɓangarensa yana nan a lambun Kirstenbosch. Shekara takwas ke nan kacal da saukarsu. Duk mai cewa ƙwacen ƙasa daga baya ya shigo cikin labarin, wannan zaman na 1660 ya ishe shi amsa.

Shingen bai tsare kowa ba. An sake yaƙi daga 1673 zuwa 1677 da Gonnema, shugaban Cochoqua, wani dangin Khoikhoi, aka kwashe masa garkuna. Simon van der Stel, shugaban Cape na lokacin, ya kafa garin Stellenbosch a 1679. A 1688 da 1689 aka kawo Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga ƙasarsu, ba su kai 200 ba, aka ba su gonaki a kwarin da ake kira Franschhoek. Da gangan aka cakuɗa gonakinsu da na 'yan Holan, aka kuma tsayar da harshen Holan a makaranta da coci, cikin zuriya biyu Faransanci ya mutu. Sunayensu ne suka rage: Du Toit, Du Plessis, De Villiers, Marais, Retief, Malan. A nan ya kamata a gyara wata fahimta. Waɗanda ake kira 'yan Holan a Cape gauraye ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kakanninsu Jamusawa ne talakawa da suka shiga aikin sojan kamfani. Da yake matan Turawa sun yi ƙaranci, an auri 'yantattun bayi da dama, irin su Angela 'yar Bengal, wadda manyan iyalai da yawa suka fito daga tsatsonta. Shi kansa Van der Stel kakarsa ta wajen uwa 'yar Indiya ce.

Abin da ya watsa su cikin ƙasa kuwa lissafin kasuwa ne. Zuwa farkon shekarun 1700 alkama da giyar inabi sun fi ƙarfin masu saye, domin kasuwar ita ce jirage da barikin soja, ga kamfani ya hana fitar da kaya yadda mutum yake so. Gwamna Willem Adriaan van der Stel da manyan jami'ansa suka buɗe nasu manyan gonaki suka mamaye ɗan abin da ya rage, har manoma suka kai ƙara aka tsige shi a 1707. Gonar inabi tana son bayi, gini, ganguna da shekaru kafin ta fara biya. Kiwo kuwa amalanke ɗaya yake so, da shanun ja, bindiga, doki da 'yan dabbobi. Buhun alkama in an ɗauko shi daga bayan duwatsu kuɗin dakonsa ya cinye ribarsa, saniya kuwa da ƙafarta take zuwa kasuwa. Saboda haka duk saurayin da ba shi da jari ya nufi daji.

Kamfani ya sauƙaƙa musu da tsarin gonar aro. Daga 1714 mutum yana biyan riksdala 12 (kuɗin lokacin) a shekara, daga 1732 aka mayar 24. Ba a awo da igiya. Mutum ya zaɓi tsakiya, ya yi tafiyar rabin sa'a ta kowace fuska, abin da ya kewaye nasa ne, wajen hekta 2,400. Tsakiyar nan kusan kullum idon ruwa ce, shi ya sa taswirar Afirka ta Kudu ta cika da sunaye masu ƙarewa da fontein, wato idon ruwa. A busasshiyar ƙasa wanda ya zauna a kan idon ruwa da bindiga ya mallaki duk makiyayar da ke kewaye, har wadda ba ta cikin takardarsa. Dokar gado ta ƙara wa abin gudu: rabin dukiya na wanda ya rage ne cikin ma'aurata, rabi a raba daidai tsakanin 'ya'ya maza da mata. Gonar aro ba ta rabuwa, sai a yi gwanjon gine-ginen da ke kanta a raba kuɗin. Gida mai 'ya'ya takwas ko goma, kowane ɗa sai ya ƙara gaba ya nemi nasa idon ruwan.

A 1713 cutar agana ta shigo ta kayan wankin wani jirgi da aka kai wa bayin kamfani. Ta kashe bayi da Turawa da yawa, amma Khoikhoi da ba su taɓa haɗuwa da ita ba ta yi musu kisan da ya rusa dangogi ɗungurungum. Ta dawo a 1755 da 1767. Waɗanda suka tsira, ba garke ba mashaya, suka zama makiyayan haya a gonakin da aka kafa a ƙasar iyayensu. Mafarautan San sun yi turjiya mai tsanani a duwatsun arewa maso gabas, aka riƙa tura musu rundunar manoma bisa dawaki, kamfani yana ba da albarushi da harsashi. A fita ɗaya ta 1774 an kashe fiye da mutum 500, aka kamo fiye da 200, yawanci mata da yara, aka raba wa manoma su yi musu aiki. Zuwa 1779 an fara gwabzawa da ƙabilar Xhosa a gabas, a 1786 aka buɗe ofishin gunduma a Graaff-Reinet, fiye da kilomita 600 daga lambun da aka fara. A ganina rashin niyya bai wanke kamfanin ba. A kowace mararraba an sa wa daraktoci zaɓi a gaba, suka ɗauki mafi araha. A 1717 ma sun tambayi majalisar Cape ko a koma ga ma'aikata 'yantattu daga Turai, mutum ɗaya ne kawai ya goyi bayan haka, sauran suka ce bayi sun fi sauƙin kuɗi.

Ingila ta kama Cape a 1795, ta mayar a 1803, ta sake kamawa a 1806, aka tabbatar mata a 1814. Kamfanin kansa ya karye, aka rufe shi a ƙarshen 1799. Yanzu ga kashi na biyu na tambayarka.

Abin da ya fi daɗewa ba tare da an lura da shi ba shi ne doka. Ingila ta bar dokar da ta tarar, wadda ta haɗa dokar Rumawa da al'adun lardin Holan, kamar yadda malamai irin su Hugo Grotius da Johannes Voet suka rubuta ta. Holan kanta ta yi watsi da wannan doka a 1809 lokacin Napoleon, amma a Afirka ta Kudu har yau ita ce tushen shari'ar dukiya, kwangila, diyya, aure da gado, a ƙarƙashin kundin tsarin mulki na 1996. Alƙali yana iya buɗe littafin da aka rubuta da Latin shekara 300 da suka wuce ya kafa hujja da shi. Turawan Ingila ne ma suka kai ta Lesotho, Botswana da Zimbabwe, inda suka ce a bi dokar Cape, haka kuma suka tabbatar da ita a Eswatini, daga baya kuma ta shiga Namibiya. Misalin da ke taɓa mutane kullum: wanda ya yi auren rajista a Afirka ta Kudu bai sa hannu a yarjejeniya gaban lauya kafin ɗaurin aure ba, dukiyarsa da ta matarsa ta zama ɗaya, har da bashin da kowannensu ya shigo da shi. Baƙi da yawa sai wajen saki ko rasuwa suke gano haka.

Gine-ginen nan farare masu goshi mai lanƙwasa da ake gani a Stellenbosch, Paarl da Constantia, ƙarancin kayan aiki ne ya tsara su. Tubalin wurin ba ya ƙonuwa da kyau, ruwa yana cin sa, don haka ake yaɓe shi a shafe da farar ƙasa da aka samu daga ƙona ɓawon dabbobin teku. Azarar da ake samu ba ta wuce wajen mita shida, ɗaki ba ya fin haka faɗi, in ana son ƙari sai a ja wani reshe, gida ya fito da siffar T ko U ko H. Rufin ciyawa ne mai gangare sosai don ruwa ya zube da sauri. Ciyawa tana kama wuta, shi ya sa ake shimfiɗa laka a saman silin don ta tare garwashi, goshin da ke saman ƙofa kuma yana hana ciyawa mai ci faɗowa kan mai gudun fita. A cikin birni gobara ta sa aka koma rufin soro mai faɗi. Magina, kafintoci da masu yin adon goshin nan yawancinsu bayi ne da 'yantattu daga gabas. Haka abinci: bobotie, sosatie, bredie da atjar daga hannun masu dafa abinci 'yan Indiya da Indonesiya suka fito, da kayan ƙamshin jiragen kamfani.

Akwai gadon da ciwo ne. Bawa yakan rasa sunansa ranar da aka saye shi, a sa masa sunan watan, shi ya sa har yau akwai iyalai masu suna Januarie, April ko September. Takardar izinin tafiya da aka ɗora wa bayi tun ƙarni na 18 ita ce kakar dokokin fasfo na cikin gida da suka addabi baƙaƙe a ƙarni na 20. Biyan ma'aikacin gona wani ɓangare na ladansa da giya ya faro tun zamanin kamfani. A makarantar da aka buɗe wa yaran bayi a 1658 ma, barasa da taba ake ba su don su zauna. An haramta wannan biya a farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a ɓoye shekaru da yawa, kuma yankunan inabi na Cape suna cikin wuraren da aka fi samun jariran da giya ta lalata tun suna ciki a duk duniya. An soke bauta a 1834, aka saki bayin gaba ɗaya a 1838, ba a ba su ko taku ɗaya na ƙasa ba, iyayengijinsu aka biya diyya. Sai dai a yi adalci wajen jingina laifi. Wariyar launin fata ta 1948 tana da wasu iyayen: mulkin Ingila, ma'adinan lu'ulu'u da zinariya, dokar mallakar filaye ta 1913, da cocin 'yan Holan da ya amince da raba masu ibada a 1857. Abin da zamanin kamfani ya kafa shi ne tsarin da fari ke da ƙasa, mai duhun fata ke aiki.

Musulunci ya shiga Cape ta jiragen kamfanin nan, ba da son kamfanin ba. Dokarsa ta hana yin kowane addini a fili in ban da cocinsa. Amma Cape ta zama wurin da yake jefa malamai da sarakunan da suka yi masa tawaye a gabas. A 1694 aka kawo Shehu Yusuf na Makassar da ke Indonesiya ta yau, malamin ɗariƙar Khalwatiyya da ya yaƙi kamfani a Banten, tare da mutanensa 49. An ajiye shi a gonar Zandvliet nesa da gari don kada ya haɗu da bayi, wurin ya zama matattarar bayi da masu gudu har ya rasu a 1699. Yankin sunansa Macassar a yau. A 1780 aka kawo Imam Abdullahi ɗan Alƙali Abdussalam daga tsibirin Tidore na Indonesiya, wanda ake kira Tuan Guru, aka tsare shi a tsibirin Robben. A can ya rubuta Alƙur'ani da ka. Da aka sake shi ya buɗe makaranta a titin Dorp a 1793, daga nan Masallacin Auwal ya samu a 1794, masallaci na farko a ƙasar. Sai a 1804 aka ba da 'yancin addini.

Dalilin yaɗuwarsa tsakanin bayi yana da sassa da za a iya nunawa. Wata doka ta 1770 ta hana sayar da bawan da aka yi wa baftisma, sai iyayengiji suka daina kai bayinsu coci don kada dukiyarsu ta maƙale. Masu gonakin inabi sun fi son bawa Musulmi ya riƙe musu rumbun giya da amalanke tunda ba ya sha. Doka ba ta san auren bawa ba, amma liman yana ɗaura masa aure, ya raɗa wa ɗansa suna, ya koya wa yaron karatu, in ya mutu a yi masa wanka da sallah a binne shi da mutunci. Zuwa wajen 1840 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Cape Town Musulmi ne. Mazhabar Shafi'i suka gada daga Indonesiya, har yau azumi pwasa suke ce masa, sallar idi kuma labarang. Unguwar Bo-Kaap ita ce cibiyarsu, kaburburan malaman nan kuma suna kewaye da birnin ana ziyartarsu.

Sai harshe, wanda ya fi kowane gado girma. A gida ɗaya za ka sami maigida Bajamushe, uwargida mai jin harshen Holan, mai raino 'yar Khoikhoi, mai dafa abinci daga Bengal, makiyayi daga Madagaska. Bayi suna magana da juna da Malay ko gurɓataccen Fotugis, kowa kuma dole ya ji umarni da harshen Holan. Yaran gida, na ɗaki da na bayi, a hannun masu raino ɗaya suka koyi magana. Abin da ya fito shi ne Afrikaans. Yawancin kalmominsa na Holan ne, amma nahawun ya sauƙaƙa ƙwarai: aikatau ba ya canzawa da mai aikatawa, bambancin jinsin suna ya faɗi. Kalmar da ake cewa "da yawa", baie, daga Malay take, haka piesang, ayaba. Mielie, masara, da kraal, shingen dabbobi, daga Fotugis suke. Kierie, sanda, da gogga, ƙwaro, daga Khoikhoi. Korewa kuma sau biyu ake yin ta, a tsakiya da ƙarshe, kamar yadda Bahaushe ke cewa "bai zo ba": hy het nie gekom nie.

Turawan Cape sun daɗe suna raina shi, suna kiransa harshen madafa, suna rubutu da wa'azi da harshen Holan na asali. Makarantun Musulmi na cikin waɗanda suka fara rubuta shi da gaske, kuma da haruffan Larabci. A farkon ƙarni na 19, da Malay ya fara ɓacewa a bakin yara, malamai suka koma fassara tauhidi da fiƙihu da harshen da yaran ke ji, a daidai zamanin da Nana Asma'u da 'yan'uwanta ke rubuta waƙoƙin wa'azi da ajamin Hausa da Fulfulde. Sun aro haruffa daga ajamin Malay da na Farisa da Turkiyya don sautukan da Larabci ba shi da su, irin su p da ng, suka kuma sa wasali a kan kowane harafi. Wannan ya sa rubutun nasu ya adana yadda ake furta harshen a titi a lokacin, abin da rubutun boko mai bin ƙa'idar Holan ya ɓoye. Abubakar Effendi, malamin da Daular Usmaniyya ta aiko a farkon shekarun 1860, ya rubuta littafin fiƙihu mai suna Bayanud Din da wannan ajami, aka buga shi a Istanbul a 1877. Rubuce-rubuce irin wannan fiye da 70 sun tsira.

Ƙungiyar farar fata ta farko mai fafutukar harshen a 1875 aka kafa ta a Paarl. A 1925 ya zama harshen hukuma, a 1933 aka fitar da Baibul da shi, aka kuma tsara ƙa'idarsa bisa bakin farare, aka mayar da irin na unguwannin Cape, wanda ake kira Kaaps, kamar karyayyen harshe. Da gwamnatin wariya ta tilasta koyar da wasu darussa da shi a makarantun baƙaƙe, ɗaliban Soweto suka fito ranar 16 ga Yuni, 1976, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Duk da wannan tarihi, ƙidayar 2011 ta nuna mutum kusan miliyan 6.9 ne ke magana da shi a gida, kuma farare ba su kai rabinsu ba. Mafi yawa jikokin bayi ne da Khoikhoi. Ana jin sa sosai a Namibiya ma. Harshen Holan na asali kuwa, wanda Van Riebeeck ya rubuta littafin ajiyarsa da shi, kundin tsarin mulki na 1983 ya daina ambatonsa, kuma ba ya cikin harsunan hukuma 12 na Afirka ta Kudu a yau.